Sabuwar siga da tsohuwar jagora

A daminar bara, lokacin da Kogin Kaduna ya cika har mazauna bakinsa suka fara kwashe kaya, wata ɗalibata tana nazarin alƙaluman ruwan sama da wata ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda masana ke ginawa tare su bayar kyauta. Ta sauke sabuwar siga, sai umarnin da ta rubuta tun da bazara ya ƙi aiki, domin an sauya sunayen wasu ayyuka, alhali jagorar da ke shafin manhajar tana nan kan tsohon tsari. Ta same ni a ofis ta ce, "Malam, ko ni ce na yi kuskure?" Ba ita ba ce. Kwana huɗu muka yi muna tono cikin ainihin rubutun manhajar kafin mu gano abin da aka taɓa.

Ba na ganin baƙin masu ginin, domin yawancinsu aikin sa-kai suke yi bayan sun tashi daga wurin neman abincinsu. Sai dai na yi imani cewa duk sigar da ta fito ba tare da bayaninta ba, ɗanya aka sauke ta daga murhu. Ƙara sabon aiki yana jawo yabo, rubuta bayani kuwa wahala ce da ba kowa ke lura da ita ba, shi ya sa ake ɗage shi zuwa gobe.

Akwai waɗanda suka nuna cewa abin mai yiwuwa ne. NumPy, ginshiƙin lissafin kimiyya a harshen rubuta manhaja na Python, ta fitar da siga ta 1.0 a 2006, ba ta kai ga 2.0 ba sai watan Yunin 2024, kuma kafin ranar an saki sigogin gwaji tare da jagorar ƙaura da ke fayyace sunayen da aka cire da abin da ya maye gurbinsu, misali np.NaN ya koma np.nan. QGIS, wadda muke zana taswira da ita, tana sakin siga duk bayan wata huɗu, amma tana ware guda a shekara a matsayin mai dogon zango, wato wadda ake daɗewa ana gyara kurakuranta ba tare da sauya tsarinta ba, kuma da ita ake daidaita littafin jagora. Wannan tsari ya fi dacewa da mu, domin wanda ke auna kuɗin data, yana kuma jiran a kawo wuta, ba zai iya bin kowace sabuwar siga ba.

Yanzu a ɗakin bincikenmu ba ma sabunta komai a tsakiyar zangon karatu, kuma kowane ɗalibi yana rubuta lambar sigar da ya yi aiki da ita a cikin kundinsa. Ita kuwa ɗalibar, ta jera sunayen da aka sauya a shafi guda, ta aika wa masu manhajar domin su saka a jagorarsu.