Yadda Muka Tilasta Tantance Mai Aika Imel Ba Tare da Yasar da Tsofaffin Na'urori Ba

Ina kula da kwamfutoci a wani kamfanin sayar da yadi mai ofis a Bompai da shaguna a Kantin Kwari. Kamfanin yana da sabarsa ta imel, wato kwamfutar da ke karɓa da tura saƙonni, mai aiki da manhajar Postfix, kuma shekara da shekaru duk na'urar da ke cikin ofis tana aika saƙo ta tasha ta 25, ɗaya daga cikin ƙofofin shiga sabar, ba tare da an nemi suna ko kalmar sirri ba. Haka aka tsara SMTP, ƙa'idar aika imel, a 1982, sai a 1999 aka ƙara mata hanyar tantance mai aikawa. Da wata kwamfuta ta kamu da bairos ta shiga watsa saƙonnin banza da sunan kamfani, har abokan cinikinmu na ƙasar Sin suka daina samun takardunmu, sai na rufe wannan kafa. Na mayar da kowa tasha ta 587, inda dole a ba da suna da kalmar sirri, kuma sai ta layin da aka ɓoye da TLS 1.2, tsarin da ke hana wani karanta bayanai a hanya.

Wayoyi da sababbin kwamfutoci sun karɓi canjin nan take. Kwamfutar akawu, mai Windows 7 da Outlook 2010, ita ma ba ta ɗauki lokaci ba: an kunna zaɓin da ke cewa sabar aikawa tana buƙatar tantancewa, sannan aka saka sabuntawar Microsoft da ke ba wa Outlook damar amfani da TLS 1.2.

Wahalar ta fito ne daga injin fotokofi, wanda ma'aikata ke ɗaukar hoton rasit da takardun kwastan da shi, ya tura musu ta imel. Iyakar saninsa TLS 1.0, tsohon tsarin da masu tsara ƙa'idojin intanet suka hana amfani da shi tun 2021, kuma babu sabuntawar da za a yi masa. Idan aka kashe ɓoyewar, yana aika kalmar sirri ta hanyar AUTH LOGIN, wadda ke juya haruffa kawai zuwa tsarin base64, wanda kowa zai iya warwarewa. Manaja ya ce da ni, "Malam, me zai hana ka bar masa yadda yake a da, aiki ya tafi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, zo ka gani." Na kama bayanan da injin ya aika da manhajar Wireshark, na kwafi jerin haruffan, na warware su a gabansa, sai ga kalmar sirrin ta fito ƙarara a kan allo. Daga nan bai sake kawo maganar ba.

Ban yarda in sassauta wa dukan sabar saboda na'ura guda ba, domin duk sassaucin da aka yi mata, ɓarawon da ke waje ma ya samu. Sayen sabon inji kuma, a yadda dala take, ba abu ne da kamfani zai yi a wannan shekarar ba, ga shi injin lafiyarsa lau. Saboda haka na ɗauki wata ƙaramar kwamfuta da aka ajiye, na mayar da ita ɗan aike a cikin ofis: tana karɓar saƙo daga adireshin IP na injin kaɗai, wato lambar da ake gane shi da ita a layin ofis, sannan ta miƙa wa babbar saba da nata sunan da kalmar sirri ta ɓoyayyen layi. Na ƙayyade mata yawan saƙon da za ta iya fitarwa a cikin awa guda, yadda ko an kutsa mata, ɓarnar ba za ta yi nisa ba.

Akwai abin da duk mai irin wannan aiki a Kano ya kamata ya kula da shi. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareto, na'urar raba intanet tana iya ba wa injin sabon adireshi, ɗan aiken kuma ya ƙi sauraronsa, ma'aikata su zaci imel ne ya lalace. Dole ne a ɗaure masa adireshi guda na dindindin tun ranar farko. Haka kuma na ba wa kowace na'ura asusunta daban, domin in matsala ta taso, rajistar saba ta nuna mini wadda ta jawo ta, in rufe ta ita kaɗai, sauran ofis ya ci gaba da aika takardunsa.