Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hutuna a Gonar Taozi

Assalamu alaikum masu bibiya. Makon jiya mun tsaya inda na gama jarrabawar shekarar farko a birnin Nanjing na ƙasar Sin, ga dogon hutu, ga ba kuɗin jirgin zuwa gida. Ina cikin wannan zullumi abokin karatuna ya ce in shirya mu tafi garinsu, Yangshan, kusa da birnin Wuxi, domin lokacin tsinkar taozi ya kama kuma mahaifinsa na neman hannu.

Taozi ɗan itace ne mai girman lemo, fatarsa da gashi-gashi mai laushi, ƙwallo ɗaya a tsakiya. Turawa fic suke ce masa. Na Yangshan kuwa ya yi suna a duk ƙasar Sin, don idan ya nuna sosai, sai ka ɗan murza shi, ka huda, ka zuƙe ruwan da tsinke. Mutanen garin sun ce sirrin yana cikin ƙasar wurin, saboda tsohon dutse mai aman wuta da ke gefensu.

Tun kafin asuba muke shiga gona da fitila a goshi, domin da rana ta yi zafi 'ya'yan sun yi laushin da ba sa jure taɓi. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, kowane ɗa guda yana sanye cikin jakar takarda a jikin reshe. Tun a watan Mayu aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, aka zubar da mafi yawan ƙananan, aka rufe waɗanda aka zaɓa don kada ƙwari da tsuntsaye su taɓa su. Mahaifin abokina, wanda nake kira Shushu, wato Baffa, ya kama hannuna ya nuna mini: a tallafo da tafin hannu, a ɗan juya, ba a matsawa da yatsa. Inda yatsa ya danna, gobe wurin ya yi baƙi, kuɗinsa ya faɗi. Daga nan matarsa za ta sa wa kowanne rigar soso, a jera a kwali, kafin dare mota ta kai su Shanghai.

Wallahi sai da na tuna lambun mangwaron mahaifina a Zariya, yadda muke kaɗo su da gora, rabi ya fashe, rabi ya ruɓe a kwando kafin mai saye ya zo. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Da yamma abokina ya riƙa ba ni tarihi. A ƙasar Sin aka fara noman wannan itace. An tono ƙwallayensa a Kuahuqiao da ke lardin Zhejiang, masu shekara kusan 8,000. Daga nan fatake suka bi da shi ta Farisa har Turai, shi ya sa Turawa suka daɗe suna zaton na Farisa ne. Yau Sin na noma sama da tan miliyan 15 a shekara, fiye da rabin na duniya baki ɗaya, daga lardin Shandong har gundumar Pinggu ta Beijing. A wurinsu alamar tsawon rai ne. Ranar da kakar abokina ta yi bikin zagayowar haihuwa, an turara mata burodi mai siffar taozi, da ɗan ja a kansa.

Na tambayi Shushu ko zai yi a Zariya. Ya girgiza kai ya ce itacen sai ya sha sanyi mai tsanani na tsawon makonni, ya zubar da ganye, sannan ya yi fure. Ya ce, "Yaro, bar itacen nan. Yadda muke riƙonsa, shi za ka tafi da shi."

A daren nan na kira Baba, na yi masa bayanin jakar takarda. Amsar da ya ba ni, da abin da ya biyo baya tsakaninsa da yayana, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.