Masu Zanen Vienna Biyar da Abin da Yaƙi Ya Bari a Idonsu

Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, birnin Vienna na ƙasar Ostiriya ya kasance a hannun sojojin Amurka da Ingila da Faransa da Tarayyar Sobiyat, kuma ba su fice ba sai 1955. A cikin wannan hali ne wasu samari suka haɗu a Kwalejin Zane ta birnin, a wajen wani malami mai suna Albert Paris Gütersloh. Su ne Ernst Fuchs da Arik Brauer da Anton Lehmden da Wolfgang Hutter, sai kuma Rudolf Hausner, wanda aka haifa a 1914, ya girme su sosai kuma ya riga ya gama karatunsa tun kafin yaƙi. Daga baya wani mai sharhi, Johann Muschik, ya raɗa wa tafiyarsu sunan Phantastischer Realismus, wato zanen da ya haɗa zahiri da mafarki, kuma nunin da aka shirya musu a fadar Belvedere a 1959 ya sa duniya ta san da su.

Abin da ya fi jan hankalina game da su shi ne haƙurin da suka yi wajen koyon hannu. A lokacin da yawancin masu zane na Turai da Amurka suka karkata ga zanen da babu siffar mutum ko ta dabba a cikinsa, su sai suka koma ga magabata. A ɗakin ajiyar kwalejinsu akwai zanen Hieronymus Bosch na ranar hisabi, a babban gidan tarihin birnin kuma akwai tarin ayyukan Pieter Bruegel da babu kamarsa a ko'ina. Fuchs ya farfaɗo da tsohuwar dabarar da ake fara fitar da siffa da farin fenti haɗe da ƙwai, sannan a riƙa shafa fentin mai siriri, shafi bisa shafi, ana jiran kowanne ya bushe, har haske ya zama kamar daga cikin hoton yake fitowa. Aiki ne mai cin watanni, wani lokaci ma shekaru.

Ni dai a ganina wannan tsanaki ba ado ba ne, larura ce, domin abin da suka gani da idonsu ya wuce a faɗe shi da 'yan zane-zanen gaggawa. Mahaifin Brauer, Bayahude ne mai ɗinkin takalma, 'yan Nazi suka kashe shi, shi kuwa yaron ya tsira ne a ɓoye a cikin Vienna. Mahaifin Fuchs, wanda shi ma Bayahude ne, ya gudu zuwa Shanghai, aka yi wa ɗan baftisma a 1942, abin da ya taimaka wajen kuɓutar da shi. Hausner kuwa an hana shi nuna aikinsa a 1938, sannan aka tilasta masa shiga soja. Mutumin da ya ga birninsa ya juye haka ya san cewa abin da hankali ba ya ɗauka yana faruwa da rana tsaka, saboda haka idan zai zana shi, dole ya fito da kowane gashi da kowace jijiya, yadda mai kallo ba zai samu damar cewa ƙarya ce ba.

A cikinsu Lehmden da Hausner ne suka fi kama zuciyata. Lehmden, haifaffen Nitra a Sulobakiya, yakan zana ƙasa tana tsagewa gida-gida, tsuntsaye na ratsa sama, tankokin yaƙi na gwabzawa, kai ka ce ita kanta ƙasar ce aka ji wa rauni. Hausner ya shafe shekaru yana zana fuskarsa da sunan Adamu, yana maimaita ta cikin launuka masu zafi, yana tuhumar kansa ba tare da sassauci ba. Hutter ya fi son lambuna da furanni masu kama da dandalin wasan kwaikwayo, kuma aikinsa bai cika taɓa ni ba.

Masu suka sun daɗe suna cewa ƙyale-ƙyale ya yi wa wannan tafiya yawa, kuma ba zan musa gaba ɗaya ba. Fuchs ya sayi gidan da mai tsara gine-gine Otto Wagner ya gina a unguwar Hütteldorf ta Vienna, a shekarar 1972, ya cika shi da gumaka da ruwan zinariya, ya buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1988, kuma ayyukansa na ƙarshe sun fi na ƙuruciyarsa ƙawa amma sun rasa tsoron da ke cikin na farkon. Sai dai bai dace a yi wa mutum biyar hukunci da abin da ɗaya ya yi bayan ya samu dukiya ba. Aikinsu ya kuma fita daga gidajen tarihi ya shiga titi, domin Lehmden ne ya ƙawata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Volkstheater, Brauer kuma ya tsara wani gidan haya na hukumar birni a titin Gumpendorfer. Brauer ne na ƙarshe da ya rasu a cikinsu, a watan Janairun 2021.