Umma ta dawo da ƙafarta: godiya ga mutanen gida da mutanen Tamil Nadu

Alhamdu lillahi. Mun sauka Kano daren Talata, Umma ta sauko daga jirgi da ƙafarta, Auta na biye da ita riƙe da jakar magunguna. Wata huɗu da 'yan kwanaki muka yi a Chennai, babban birnin jihar Tamil Nadu da ke ƙasar Indiya. Duk kun san yadda aka yi, tun daga wankin ƙoda har ranar da Auta ya sa hannu ya ba mahaifiyarsa ƙodarsa ɗaya, ba sai na maimaita ba. Har yanzu gajiya ba ta sake ni ba, amma na kasa runtsawa sai na sauke wannan nauyin.

Umma ta hana a ambaci kowa, ta ce kada a rage wa mutane lada. Ki yafe ni Umma, akwai waɗanda ba zan iya haɗiye zancensu ba. Kawu, shanunka biyu da ka kai kasuwa ba tare da an roƙe ka ba, Allah Ya mayar maka da garke. Matan Islamiyyarmu da suka juya mana kwasar adashinsu, da ɗaliban Najeriya da ke karatu a can waɗanda suka riƙa yi mana tafinta, Allah Ya biya ku.

Sai matar da muka kama haya a gidanta. Addinin Hindu take bi, kamar mafi yawan mutanen jihar, kuma kowa a layin Amma yake ce mata, wato uwa da harshen Tamil. Kullum idan na idar da sallar asuba sai in hango ta a ƙofar gida ta yayyafa ruwa, ta duƙa tana zuba garin shinkafa ɗigo-ɗigo, sannan ta haɗa ɗigon da layuka har ya zama zane mai kyau. Kolam suke ce masa. Kafin la'asar ƙafafu sun goge shi, gobe ta sake wani. Da na tambaye ta dalilin garin shinkafa, sai ta nuna mini tururuwa suna ɗiba.

Ranar 4 ga Disamba 2023 guguwar Michaung ta juye wa Chennai ruwa har aka rufe filin jirgi. Lokacin Umma ba ta cika mako biyu da sallama daga asibiti ba, ana ba ta maganin da ke rage garkuwar jiki, kuma likita ya ja mini kunne cewa ko ƙaramin ciwo zai iya ɓata aikin duka. Wuta ta ɗauke, waya ta ƙi shiga, baƙin ruwan kwata ya fara shigowa ɗakinmu na ƙasa. Auta ɗinkinsa bai warke ba, ko bokiti an hana shi ɗagawa. Na tsaya cikin duhu ruwa na lasar idon sawuna, ina jin numfashin Umma a kan gado, bakina ba ya iya furta komai sai Innalillahi. Ban taɓa jin tsoro irin na daren nan ba.

Sai ga hasken tocila daga matakala. Amma ce da ɗanta da wani maƙwabci. Suka ɗora Umma a kan kujerar roba suka hau bene da ita, aka kwantar da ita a gadon Amma. A ɗakin akwai kusurwar bautarta, da hotuna da ƙaramar fitilar mai. Ba wanda ya ce mata komai, ta ɗauko wani sarinta, wato zanen da matan Indiya ke ɗaurawa, ta yi wa kusurwar labule, ta shimfiɗa tabarma, ta nuna mini yamma da hannu. A can yamma ake fuskanta, ba gabas kamar gida ba, kuma ta san haka. A kan tabarmar nan na yi sallah ina kuka. Kwana uku tana tafasa wa Umma ruwan sha, ita kuma tana kwana a ƙasa.

A tsakiyar Janairu suka yi bikin girbi na Pongal. Layin ya cika da rake, aka ɗora sabbin tukwanen ƙasa na shinkafa da madara, idan tukunya ta tafaso ta zubo sai a ɗauki sowa. Tukunyar farko ta bautarsu ce. Sai Amma ta ɗora wata daban saboda mu, ta kawo a ganyen ayaba tana ta nanata cewa wannan ba a kai ta gaban komai ba.

Da likita ya yarda Umma ta sha iska, direban da ke kai mu asibiti ya ɗauke mu zuwa Mahabalipuram, kusan kilomita 60 kudu da birnin, hanya na bin gaɓar Tekun Bengal. Nan sarakunan Pallava suka bar aikin dutse tun ƙarni na 7 da na 8, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1984. Akwai wurin bauta da ya shafe kimanin shekara 1,300 a bakin teku, iskar gishiri ta cinye fuskar sassaƙen amma ginin na tsaye. Akwai gine-gine biyar da aka fafe daga jikin dutse, da wani ƙaton dutse zaune a kan gangare kamar yanzu zai mirgino. Har yau masassaƙa na bakin titi suna ƙwanƙwasa. Umma ta ce ba za ta shiga wurin bauta ba, direban ya ce to, ya kai ta wajen giwar dutse. Ta dafa ta ta daɗe, matar da wata biyu baya ba ta iya zama sai an tallafe ta. Wanda Allah Ya kai shi jihar nan, ko don jinya ne, ya daure ya ga wurin, ranar Juma'a kuma ya nemi masallacin Wallajah da ke unguwar Triplicane a Chennai, wanda aka gina a 1795. Can Auta ya riƙa zuwa.

Ya Allah, wanda ya ba mu ko kwabo, wanda ya yi mana alƙunutu, wanda ya tashi cikin dare ya ambaci sunan Umma, Ka yaye masa damuwarsa, Ka raba shi da kwanciyar asibiti, Ka jiƙan iyayensa. Auta, Allah Ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka fiye da haka, Ya sa ƙodar da ta rage maka ta kai ka tsufa lafiya. Ita kuma Amma, Allah Ya tsare ta da zuri'arta, Ya haɗa ta da alherin da ya fi wanda ta yi mana.

Akwai na jiki da wata huɗu cur ko saƙon "ya mai jiki" ba mu gani daga gare su ba. Umma ta ce in yi shiru, na yi.

Masu son zuwa dubiya, don Allah a zo bibbiyu bayan la'asar, a sa takunkumi, mai mura kuma ya dakata ya yi mata addu'a daga gida tukuna.