Ƙarangiyar kaka tsakanin Damagaram da Gidimuni

Duk wanda muka gaya wa za mu taka da ƙafa daga Damagaram zuwa tafkin Gidimuni, maganar ruwa yake fara yi mana. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya tashi a garin da ke zaune kan dutse, garin da sai an jawo masa ruwa daga Gogo da Arunguza, ba abin da yake tsoro a daji kamar ƙishirwa. Mu ma a kan ruwa shirinmu ya ƙare: bido nawa kowa zai ɗauka, tunda lita guda kilo guda ce a gadon baya, wane ƙauye ke da famfo, wane ke da rijiya, da ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs da ake jefawa a jira rabin awa kafin a sha. Muka zaɓi watan Oktoba saboda an ce ruwan sama ya ɗauke, tafkuna ba su ƙafe ba, ga sabon gero a kowane gida.

Gaskiya ne kuwa, ba mu taɓa rasa ruwa ba. Abin da ba wanda ya ambata mana, ko mutum ɗaya, shi ne ƙarangiya. Har yanzu abin yana ci mini rai, don a cikin masu ba mu shawara akwai waɗanda suka yi noma shekara da shekaru.

Daga gari zuwa Mirriya, kilomita 18, ba abin ba da labari. Mun tashi bayan asuba, muka bi gefen kwalta, muka isa kafin rana ta yi ƙarfi. Ran Lahadi ne, kasuwa na ci, muka sayi ƙuli-ƙuli da dabino. Bayan Mirriya ne muka bar babbar hanya, don dama ba ƙurar manyan motoci muka fito sha ba. Muna son hanyar ƙasa, irin wadda fatake suka riƙa bi kafin su sauke kaya a unguwar Zango ta Damagaram.

To a kaka daji ba na matafiyi ba ne. Gero ya nuna, wasu na yanka, wasu sun tara dammuna, wake kuma yana nan kwance a ƙasa. Hukuma ba ta saki gonaki ba tukuna, ko makiyayi bai isa ya ratsa da dabba ba, balle baƙo mai jaka a baya. Hanyar da ta kamata ka yanke kai tsaye, dole ka zagaya. Abin da ya rage maka shi ne ƴar siririyar hanya tsakanin gona da gona, ko burtali. Burtali kuwa ba a nome shi, can ƙarangiya take yin yadda ta so tun farkon damina, kuma daidai wannan lokacin ƴaƴanta suke bushewa su yi ƙaya. Wato watan da muka zaɓa don sauƙin ruwa shi ne watan da take kan ganiyarta, kuma shi ne watan da ba ka da wata hanya sai ta cikinta.

Kowa ya san ƙarangiya, ai muna yara mun sha cire ta a wando. Amma cire guda biyar a bakin gona daban, yini a cikinta daban. Na sa kambas mai raga-raga don ƙafa ta sha iska, da safa mai kauri, da wandon motsa jiki mai laushi. Duk ukun abincinta ne. Kafin azahar safata ta zama kamar bayan bushiya. Tana kama igiyar takalmi, ta bi ragar ta shiga ciki, kowane taku sai ta ƙara nutsewa. Ka tsaya ka cire da hannu, ta koma yatsunka. Ka zauna ka huta, ka tashi da ita a mazaunai. Abin da ya fi muni shi ne ƙananan tsinin da ke karyewa cikin fata, ba ka ganinsu, sai washegari wurin ya yi ja ya tara ruwa. Tafiyar da muka lissafa za mu yi a awa ɗaya sai ta ci mana kusan biyu, saboda tsaye-tsaye. Tsaye-tsayen nan kuwa su suka tura mu cikin zafin rana, ga Oktoba a ƙasar nan yakan haura digiri 35 ba wuya. Ruwan da muka yi wa lissafi da kyau ya soma ƙarewa da wuri, ba don babu ba, don ƙarangiya ta ɓata lokacin isa rijiya ta gaba.

Wani dattijo makiyayi ne ya same mu gindin aduwa muna fama da ƙafafu. Ya yi sallama, ya dubi takalmana, ya ce, "Samari, wa ya aike ku daji da kayan ƙwallo?" Na ce, "Baba, haka muka ga masu tafiya suna sawa." Ya ɗaga ƙafarsa ya nuna mini takalmin roba rufaffe, irin wanda ake zubarwa a ƙasa a kasuwar Dole ta Damagaram, ba safa, wandonsa kuma na yadi mai santsi ya ɗage shi. Ko ɗaya ba ta kama shi ba. Ya ciro matsefata daga igiyar wuyansa, ya ce in miƙo ƙafa. Shi ya koya mana a jiƙa yatsu kafin a taɓa ta, a kuma kankare ta daga tufa da bayan wuƙa maimakon tsinta ɗaya-ɗaya. Da zai tafi na ce ya sayar mini da matsefatan, ya ce, "Ɗana, wannan ba na sayarwa ba ne, ka nema wurin maƙera." Ya yi gaskiya, a ƙauye na gaba muka samu, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba.

Kwana a fili ma ƙarangiyar ce ta hana mu. Mun ɗauko tabarma da bargo mara nauyi da niyyar shimfiɗawa inda dare ya yi mana. Bargon daren farko ya gama aiki, har yau yana nan ban iya tsince shi ba. Daga nan muka koma abin da ya kamata tun farko: a shiga gari kafin magariba, a nemi mai gari, a gaishe shi, a nuna katin shaida, a faɗi daga ina zuwa ina. Ba inda aka hana mu zaure ko harabar masallaci, kuma ba inda muka kwana ba a kawo mana tuwo ko fura ba. Gidan sauro dai kada a bar shi, ƙarshen damina ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa, musamman da aka doshi fadamu. Fitila ma dole ce, don a lokacin girbi macizai na yawo, kububuwa kuwa ba ta da girma amma dafinta na kisa.

Ba na zagin ciyawar nan gaba ɗaya. Tana ɗanya dabbobi na ƙiba da ita, tana riƙe rairayi kada iska ta kwashe, kuma tsofaffinmu sun ba da labarin yadda aka sussuka ƴaƴanta aka ci a shekarun yunwa. Amma wanda ke shirin tafiyar kwanaki a kaka ya sa ta a farkon lissafi, gaba da abinci. Takalmin roba rufaffe ko na fata mai santsi, a saba da shi tun a gida don kada ya yi kanta. Wando na yadi mai tauri, ba mai gashi-gashi ba. Matsefata a aljihu, ba a ƙasan jaka ba. Sabulu da maganin wanke ciwo. Kowane zango kuma a rage masa tsawo, a yi tafiyar daga asuba zuwa hantsi, a sake tashi bayan la'asar. Jakar ma a lulluɓe ta da buhun roba kafin a ajiye ta ƙasa, don wadda ta manne a madaurin kafaɗa ita ta fi azaba.

Mun isa Gidimuni, mun ga ruwan kwance tsakanin tuddan rairayi da dabinai da garake, kuma na yi alfahari da cewa ƙafata ce ta kai ni. Sai dai ɗan'uwana da muka tafi tare bai shiga garin da ƙafarsa ba. Tsinin da ya karye masa a dunduniya ya kumbura, a amalanke muka ƙarasa da shi, daga can aka wuce da shi likita aka tsaga wurin. Ya fi mako bai sa takalmi ba, aikinsa na kasuwa ya tsaya.

Muna shirin yin ta kudu, wajen Magarya, amma sai an saki gonaki, sanyi ya shigo, dabbobi sun tattake burtali. Na riga na sayi takalmin roba, ina zuwa aiki da shi kullum don ƙafata ta saba.