Tauraron Nowel da na ƙera

Shekarata ta biyu ina koyon walda a wani atalye nan Damagaram, tsakiyar Disamba hunturu ya kama, sai maigidana ya ce min 'yan coci na son a ƙera musu tauraro na Nowel, wato Kirsimeti, bikin haihuwar Annabi Isa, in je in yi. Ni musulmi ne, iyakar sanina duk ƙarshen shekara suna rataya tauraro da fitilu, har a raina na ɗauka bauta masa suke yi, Allah ya yafe min zato.

Na zage na lanƙwasa ƙarfe tsini biyar, na nannaɗe shi da ƙananan ampul masu walƙiya, niyyata in kafa shi can ƙololuwar gini duk mai wucewa ya tambayi wa ya yi wannan aiki. Har na hau tsani sai wani dattijo mai kula da wurin ya ce, ɗana sauko da shi. Ya nuna min wata 'yar bukka ta ciyawa da suka haɗa a ciki, da komin dabbobi da 'yar siffar jariri, ya ce nan samanta za ka rataya. Na ce Baba ai a nan ba wanda zai gani daga titi.

Sai ya zaunar da ni kan benci ya ba ni labarin yadda yake a Linjilar Matiyu sura 2, wasu masana taurari daga gabas suka ga tauraro suka biyo shi suna neman jaririn sarki da aka haifa, wato Annabi Isa, suka fara sauka Urushalima fadar sarki Hirudus don a tunaninsu sarki a fada ake haifarsa, ashe yaron na Baitalami, ƙaramin gari tafiyar kilomita 10 ma ba ta cika ba, tauraron ya yi ta tafiya gabansu har ya tsaya daidai inda yaron yake, suka ba shi kyautar zinariya da kayan ƙamshi na lubban da mur. Ya ce ranar 6 ga Janairu ake tuna zuwansu. Da na fito fili na tambaye shi zancen bauta, bai ji haushi ba wallahi, ya ce madugun ayarin gishirin Bilma yana bin tauraro da dare, ka taɓa jin ya yi masa sujada? Rijiya yake nema.

Maganar nan ta zauna min sosai, don ni kaina nake so a gani ba abin da aka sa ni ba. Tun ranar ko ƙofa ko murhu aka kawo min, sai na tambayi ina za a sa shi, wa zai yi amfani da shi, kafin in yanka ƙarfe.

Na rage masa ampul, na cire masu walƙiyar, na rataye shi da waya saman bukkar. Da magariba ta gabato muka gwada kunnawa, yara uku da ke share wurin suka yar da tsintsiya suka rugo, suka durƙusa suna leƙen cikin komin.