Atishawa da Goyon Ciki a Tsibirin da Ciyawa Ba Ta Bushewa

Cikina yana da mako 11 ranar da na ƙirga atishawa 23 a jere kafin in iya sauko da ƙafata daga kan gado. Maigidana yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da kofin ruwa, ya rasa ko dariya zai yi ko tausayi, ni kuwa idanuna sun kaɗa sun yi jawur, hanci yana zuba kamar an kunna famfo, ganɗata tana wani irin ƙaiƙayi da harshe ba ya iya sosawa. Shekararmu ɗaya da rabi ke nan a tsibirin da aiki ya kai shi, tsibiri na yankin zafi inda ruwan sama ba ya ɗaukewa ƙaf, ciyawa kuma kore shar take daga farkon shekara har ƙarshenta. Tun ina budurwa na san ina da alaji, wato jikina ba ya jituwa da ƙurar fure, amma da can abin yana da lokacinsa, ya zo ya yi makonninsa ya wuce. A tsibirin kuwa kullum lokacinsa ne. Kafin in sami ciki nakan haɗiyi ƙwaya ɗaya in ci gaba da harkokina, to amma da gwaji ya nuna ina da juna biyu sai na tattara duk magungunan gidan na ɗaure a leda, na ce ba abin da zai wuce maƙogwarona sai na haihu. Wannan shawara da na yanke ni kaɗai, ban tambayi kowa ba, ita ta jawo mini wahalar kusan wata biyu.

Laifin farko a kan furannin tsakar gida na ɗora shi. Akwai wasu manyan furanni ja, dangin yakuwa, da suka yi layi a ƙarƙashin tagar ɗakin kwana, na matsa wa maigida har ya sare su, ga shi kuwa ya fi kowa son su. Atishawa ba ta ragu ko da ɗaya ba. Sai daga baya na fahimci cewa furen da ke da launi da ƙamshi ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi yake kira su kwashe masa ƙurarsa, saboda haka ƙurar tasa tana da nauyi da danƙo, ba ta cika yawo a iska ba. Masu laifin na gaskiya su ne tsirran da iska ke yi wa barbara, waɗanda furensu ko kallo bai isa ba: ciyayi irin kirikirin da ake shimfiɗawa a filaye, da raken gonakin cikin tsibirin idan ya fitar da kai, shi ma ai ciyawa ne, da itacen kasuwarina mai siraran rassa kamar allura da ke jere a bakin teku. Ba sabon sani ba ne, tun a 1873 wani likitan Ingila mai suna Charles Blackley ya bayyana gwaje-gwajen da ya yi a jikinsa, yana sa ƙurar ciyawa a hancinsa da fatarsa, ya tabbatar ita ce sanadin ciwon. Garkuwar jikin mai alaji ce ke ɗaukar wannan ƙura marar cutarwa a matsayin abokiyar gaba, sai ta saki sinadarin histamin, shi kuma ya buɗe jijiyoyin jinin hanci ya kawo kumburi da ƙaiƙayi da zubar ruwa.

A makonnin da na yi ina dauriya, dare ya fi komai tsanani. Hanci ya toshe, da baki nake numfashi, in farka maƙogwaro ya bushe ƙayau, ga minshari wanda ban taɓa yi ba a rayuwata, ga haɓo idan na fyace da ƙarfi. Atishawa mai ƙarfi takan zo da wani suka a gefen mara, wani lokaci har ɗigon fitsari ya kufce, abin da kunya ta hana ni gaya wa kowa. Tsorona mafi girma shi ne kada wannan girgiza ta taɓa abin da ke cikina. Da na kira mahaifiyata ina kuka, sai ta ce, "Laulayi ne, 'yar nan, kowane ciki da irin nasa, ki daure." Ban ga laifinta ba, don abin da ta sani ta faɗa, kuma daga nesa ba ta ga yadda na zama ba.

Ungozomar da ke duba ni a wurin awo ce ta gani. A mako na 18 ta kalli baƙin da ya zagaye idanuna ta tambaye ni awa nawa nake barci, da na ce uku ko huɗu sai ta tura ni ɗakin likita a ranar. Na kwashe labari na gaya wa likitar, har da ledar magunguna, ina jiran yabo. Ta ajiye biro ta tambaye ni wanda ya ce in daina. Ta ce jariri yana kwance cikin ruwa, tsokar mahaifa ta kewaye shi, atishawa ba ta kai masa, sukan da nake ji kuma jijiyoyin da ke riƙe da mahaifa ne suke miƙewa. Abin da ya fi damunta shi ne uwar da ba ta barci kuma ba ta numfashi yadda ya kamata.

A nan ne na gane cewa abu uku ne suka haɗu a hanci ɗaya. Ban da ƙurar ciyawa, akwai toshewar hanci ta goyon ciki kanta, wadda ke samun kusan mace ɗaya cikin biyar: jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabi, sinadaran ciki kuma su kumbura fatar cikin hanci, sai hanci ya toshe ba mura ba alaji, kuma yawanci yakan buɗe cikin mako biyu bayan haihuwa. Na ukun su ne wasu ƙananan ƙwari dangin kaska da ido ba ya gani, masu zama cikin katifa da matashin kai suna cin ɓawon fatar mutum, waɗanda ba abin da suke so irin zafi da laima, tsibirin kuwa ya ba su duka biyun. Likitar ba ta yi mini gwajin da ake tsaga fata a ɗiga abin da ake zargi ba, ta ce akan jinkirta shi ga mai ciki, sai ta ɗebi jini aka aika. Sakamakon ya ɗauki lokaci, domin a wajen tsibirin ake yin gwajin, kuma da ya dawo ya nuna ciyawa da ƙwarin katifa duka. Allurar da ake yi a jere don jiki ya saba da ƙurar ma ta ce ba a fara ta da ciki, sai dai macen da ta riga ta yi nisa da allurar kafin ta sami ciki ta ci gaba.

Batun magani ta yi mini shi dalla-dalla, ni ma na rubuta a gabanta. Ta ce loratadin da setirizin suna cikin magungunan alajin da aka fi samun bayani a kan amfani da su ga masu ciki, ta zaɓa mini loratadin ƙwaya ɗaya a rana, ta haɗa da feshin hanci na budesonid, tare da gargaɗin cewa shi ba ya aiki nan take, sai an jera kwanaki. Ta kuma zare abu biyu daga ledata. Ɗaya haɗin maganin mura ne mai sudo'efedirin, wanda ake guje wa musamman a watanni ukun farko da kuma ga mai hawan jini, ɗayan kuma feshin oksimetazolin ne, mai buɗe hanci cikin mintuna, amma idan aka wuce 'yan kwanaki ana fesawa sai hanci ya koma ya fi da toshewa. Wato tsoron da na ji yana da tushe, kuskurena shi ne na yi wa magungunan kuɗin goro. Wannan zaɓi na likitar ne a kaina bayan ta duba ni ta auna jinina, wata mai cikin kuma nata likitan ne zai zaɓa mata.

Abin da na fi rainawa da farko, wanke hanci da ruwan gishiri, shi ya zame mini abokin safe da dare. Giram 9 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, wanda dole a tafasa shi a bari ya huce, domin ruwan famfo ko na tanki yana iya ɗauke da wata ƙwayar halitta da ba ta yin komai idan an sha, amma idan ta bi ta hanci tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa. Nakan sunkuya a kan wurin wanke hannu, in karkata kai, in buɗe baki, in matsa robar da na zuba ruwan a ciki a hankali har ruwan ya shiga ta wannan ƙofar hanci ya fito ta waccan. Ranar farko na shaƙe na yi ta tari, maigida yana bubbuga mini baya yana cewa sannu. Zuwa kwana na huɗu hannuna ya faɗa, kuma na lura feshin likita ya fi kamawa idan na wanke hancin tukuna.

Ba wanda ke auna yawan ƙurar fure a tsibirinmu ya sanar, don haka na sayi ƙaramin littafi ina rubuta lokacin da abin ya tashi, da yanayin gari, da abin da nake yi. Bayan mako uku sai hoton ya fito. Da rana iska daga teku take busowa, tsabtatacciya, da dare kuwa takan juya ta taso daga cikin tsibirin, ta ratso gonaki da filayen ciyawa, ni kuma daidai lokacin nake wangale tagogi don in sami sanyi. Na juya tsarin: tagar da ke kallon teku a buɗe da rana, komai a rufe daga magariba har hantsi, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, ita ma ana wanke matatarta duk mako. Yawon motsa ƙafa da ungozoma ta ce in riƙa yi na mayar da shi bakin ruwa da la'asar, in dawo in yi wanka in wanke gashi kafin in kwanta, maigida ma ya daina zama a kan gado da kayan da ya yini da su a waje. Ranar da maƙwabta ke yankan ciyawa ba na leƙa waje, in ya zama dole sai da takunkumi da tabarau. Shanya ce ta gagare ni warwarewa: a waje kaya su kwaso ƙura, a ɗaki su ƙi bushewa su yi fumfuna. A ƙarshe zanen gado da rigar matashi kawai na ware, ana wanke su duk mako da ruwan zafi mai digiri 60, a shanya su a rumfa da tsakar rana, a bi su da dutsen guga.

Na ɗauka ruwan sama abokina ne, tun da yana wanke iska, kuma yawancin lokaci haka ne. Amma wata rana da yamma a mako na 29 hadari ya haɗu, na fita kwashe shanya cikin iskar da ke zuwa gaban ruwa, kafin in shigo ƙirjina ya ɗaure, numfashi yana fita da ƙara kamar usur. Maigida bai tsaya jin ra'ayina ba, ya sa ni a mota. A asibiti aka ba ni maganin shaƙa na salbutamol, aka saurari bugun zuciyar jariri, likitan da ke aikin dare ya ce laima da iskar hadari sukan farfasa ƙurar ciyawa ta zama ƙanana ƙwarai har ta wuce hanci ta sauka huhu. Ya ba ni misalin birnin Melbon na Ostireliya, inda irin wannan hadari a watan Nuwamba na 2016 ya cika asibitoci da dubban masu asma, mutum 10 suka rasu. Ya ce iskar da jariri ke samu daga numfashin uwa take zuwa, saboda haka ƙuncin ƙirji ga mai ciki ba abin jira har gari ya waye ba ne. Daga ranar abin shaƙar bai bar jakata ba, ko da yake sau biyu kawai na sake buƙatarsa.

Ciwon kai ma sai da ungozoma ta ja mini kunne a kansa, don na saba jingina kowane ciwon kai ga toshewar hanci. Ta ce bayan mako 20, ciwon kai mai tsanani da ya zo da kumburin fuska ko gani dishi-dishi yana iya zama alamar hawan jinin masu ciki, kuma awon da ya kai 140 bisa 90 ba a wasa da shi. Sau ɗaya na je a kan haka, aka auna aka ce lafiya lau, ban kuma ji kunyar zuwan ba.

Na haihu a mako na 39, mace. Kwana tara bayan haka na farka da asuba don in ba ta nono, sai na ji ƙamshin kanta, na ankara cewa bakina a rufe yake, da hanci nake numfashi ta ƙofa biyu. Na yi zaton komai ya wuce, har na fara tunanin a sake dasa wa maigida furanninsa. Da hantsi maƙwabcinmu ya tayar da injin yankan ciyawa, kafin in kai ga rufe taga na yi atishawa bakwai, jaririyar tana kwance a hannuna ko motsi ba ta yi ba.